Utah Jazz ta sayar da taurarinta don ta sake gini: me ya sa ake ta gardama a kan lissafin?

Ranar 12 ga Mayun 2025 aka jefa ƙuri'ar da ke tsara wa ƙungiyoyin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, layin ɗaukar sabbin 'yan wasa. Utah Jazz ta shiga a matsayin wadda ta fi kowa shan kashi a kakar: wasa 17 ta ci cikin 82, sakamako mafi muni a tarihinta. Da aka gama, gurbi na biyar ta samu. Dallas Mavericks, wadda damarta ba ta wuce kashi 1.8 cikin 100 ba, ita ta tafi da gurbi na ɗaya, ta ɗauki Cooper Flagg, yaron da kowa ke hari.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ga abin bambaraƙwai. Shekara huɗu kafin nan Utah ce ta fi kowace ƙungiya cin wasa a gasar. Da hannunta ta sayar da manyan 'yan wasanta biyu, ta riƙa sallamar waɗanda suka rage suna ci mata wasa, har hukumar gasar ta ci ta tara saboda ajiye gwaninta a benci. Duk wannan da sunan sake gini. Masu sharhi da magoya baya sun rabu a kai, kuma ba za a gane inda suka rabu ba sai an fara sanin dokokin kasuwar.

Tsarin da ke ba wanda ya faɗi lada

Ƙungiya 30 ce a NBA, kuma babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Wadda ta zo ta ƙarshe bana za ta dawo baɗi, ta karɓi kasonta na kuɗin talabijin kamar kowa. Matasan da ke shigowa daga jami'o'i ko daga ƙasashen waje ba su da ikon zaɓar inda za su je. Ana ɗaukarsu ne bi da bi a watan Yuni, zagaye biyu, kowane zagaye gurbi 30, kuma ƙungiyoyin da suka fi rauni su ke fara zaɓa.

Gurbin sama yana da tsada saboda dalili biyu. Na farko, mutum biyar ne kawai a fili daga kowane ɓangare, gwani ɗaya yana iya riƙe ƙwallo a mafi yawan hare-hare, don haka tasirinsa ya fi na gwani ɗaya cikin mutum 11. Na biyu shi ne farashi. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana sa hannu a kwantiragi mai ƙayyadadden albashi na shekara huɗu, biyu tabbas, biyu kuma sai ƙungiya ta ga dama. Flagg ya fara da kusan dala miliyan 14 a shekara, alhali tsohon tauraro yana iya karɓar sama da miliyan 54. Idan shekara huɗun ta cika, ƙungiyar tana da ikon biyan duk tayin da wata ta yi masa ta riƙe shi. A aikace, wanda ya dace da tauraro ta wannan hanya ya kan mallake shi shekara takwas ko tara.

Don kada ƙungiyoyi su mai da faɗuwa sana'a aka kawo ƙuri'a. A tsarin da aka yi amfani da shi a 2025, ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba su ke shiga. Ana zuba ƙwallaye 14 masu lamba a na'ura a zaro huɗu, abin da ke ba da haɗin lambobi 1,001, a raba 1,000 a tsakanin ƙungiyoyin. Kafin 2019 wadda ta fi shan kashi tana da haɗi 250, wato kashi 25 cikin 100. Daga 2019 aka rage: uku na ƙarshe kowace tana da 140, gurbi huɗu na farko ake zarowa, saura a jera su bisa sakamakon kaka. Ma'ana, a wannan tsarin mafi rauni a gasar tana da kashi 14 na samun gurbi na ɗaya, da kusan kashi 48 na zamewa zuwa na biyar. Abin da ya samu Utah shi ne sakamakon da lissafi ya fi rinjayarwa tun farko. Detroit Pistons ta gamu da irinsa sau biyu a jere, 2023 da 2024.

Yadda ake ciniki a wannan kasuwa

Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a Turai. Musaya ake yi: ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da guraben zaɓe na shekaru masu zuwa, kuma galibi ba a neman yardar wanda aka sayar. Kwantiraginsa ke bin sa. Ƙungiyar da albashinta ya haura iyakar da gasar ta sa dole ta daidaita abin da ta fitar da abin da ta shigo da shi. A manyan albashi, abin da za ta karɓa ba zai wuce kusan kashi 125 cikin 100 na abin da ta bayar ba. Shi ya sa ake ganin sunayen da ba kowa ya san su ba a cikin babban ciniki: cikon lissafi ne.

Guraben zaɓe su ne kuɗin kasuwar, kuma iri-iri ne. Akwai gurbi marar kariya: duk inda ya faɗa, ko da na ɗaya ne, na wanda ya saya ne. Akwai mai kariya: a ce an kare goma na farko, to idan gurbin ya faɗo daga na 1 zuwa na 10 mai shi ya riƙe kayansa, bashin ya koma shekara ta gaba ko ya rikiɗe zuwa wani abu, gwargwadon yarjejeniya. Akwai kuma haƙƙin musanya, inda ƙungiya ke da damar ba da nata gurbin ta karɓi na ɗayar idan ya fi kyau. Ba a sayar da gurbin da ya wuce shekara bakwai a gaba, kuma doka ta hana ƙungiya ta zauna ba gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Ana kiran dokar da sunan Ted Stepien, wanda ya mallaki Cleveland a farkon shekarun 1980 ya yi ta watsar da gurabenta. Ita ce dalilin da ya sa manyan ciniki ke tsallake shekara: 2025, 2027, 2029, a cike giɓin da haƙƙin musanya.

Abin da ya sa Utah ta rushe ginin

A kakar 2020-21 Utah ta ci wasa 52 cikin 72, ta zo ta ɗaya. A zagaye na biyu ta ci Los Angeles Clippers wasa biyun farko, sannan ta sha kashi huɗu a jere, biyun ƙarshe ma ba Kawhi Leonard, tauraron Clippers, a fili. Kaka ta gaba ta ci 49, Dallas ta fitar da ita a zagayen farko. Koci Quin Snyder ya ajiye aiki a Yunin 2022. Rudy Gobert, dogon Bafaranshen da tsaron ƙungiyar ya rataya a wuyansa, ya cika shekara 30, yana kan kwantiragin dala miliyan 205. Albashi ya kai wuya, an riga an kashe gurabe wajen haɗa tawagar, ba a ga ta inda za a ƙara gwani na uku ba.

Akwai kuma tarihi. Salt Lake City, mazaunin ƙungiyar, ƙaramin birni ne idan aka kwatanta da Los Angeles ko New York, kuma manyan taurari ba sa zaɓarsa idan kwantiraginsu ya ƙare. A 2017 Gordon Hayward ya kwashe kayansa ya koma Boston, Utah ba ta samu ko gurbi ɗaya ba. Irin wannan ƙungiya ƙofa biyu gare ta, zaɓen matasa da musaya, kuma kullum tana tsoron tauraro ya tafi a banza.

Sai mutumin da aka damƙa wa ragamar. Danny Ainge ya zo Utah a Disamban 2021, kuma shi ne ya yi cinikin da har yau ake buga misali da shi. A 2013, yana Boston, ya ba Brooklyn Nets Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35, ya karɓi gurabe uku marasa kariya da haƙƙin musanya ɗaya. Brooklyn ta durƙushe cikin shekara uku. Daga gurabenta Boston ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, kuma su biyun suka ɗauko mata kofi a 2024. Wanda ya taɓa cin irin wannan kasuwa ba abin mamaki ba ne ya sake gwadawa.

Abin da aka karɓa, da abin da ya zama

A Yulin 2022 Gobert ya koma Minnesota. Utah ta karɓi 'yan wasa da dama, ciki har da Walker Kessler da aka ɗauka a wannan shekarar, da gurabe huɗu: 2023, 2025 da 2027 babu kariya, 2029 an kare biyar na farko, sai haƙƙin musanya a 2026. A Satumba ɗaya tauraron, Donovan Mitchell, ya koma Cleveland a kan Lauri Markkanen, Collin Sexton, Ochai Agbaji, gurabe uku marasa kariya na 2025, 2027 da 2029, da musanya biyu. A lokacin kusan kowa ya ce Ainge ya kwashi garaɓasa, musamman a cinikin Gobert.

Matsalar tana cikin shekarun masu sayen. Brooklyn ta 2013 tsofaffi ta tara, don haka rushewarta ba ta da nisa. Minnesota kuwa tana da Anthony Edwards da bai cika shekara 21 ba. Cleveland tana da Darius Garland mai 22 da Evan Mobley mai 21. Idan ka sayar wa matasa masu tasowa tauraro, ka ƙarfafa su, gurabensu kuma sun koma can ƙasan layi. Haka aka yi. Minnesota ta kai wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2024 da 2025, Gobert ya ɗauki kyautar gwarzon mai tsaro karo na huɗu. Cleveland ta ci wasa 64 a 2024-25. Gurbin Minnesota na 2023 ya zo na 16, na 2025 ya zo na 21, na Cleveland na 29. A irin waɗannan wurare ana samun mataimaka, jefi-jefi a dace da gwani.

Masu kare Ainge suna cewa ba a yanke hukunci da rabin kaya a hanya. Guraben 2027 da 2029 ba su iso ba, kuma ƙungiyar da ke kan gaba yau tana iya wargajewa cikin shekara uku, ko saboda rauni ko saboda albashi. Shugabannin Utah ma sun nuna sun fahimci cewa gurbi ɗaya mai nisa daga ƙungiya mai tsufa ya fi uku daga masu tashe. A Janairun 2025 suka ba Phoenix Suns gurabe uku, na 2025, 2027 da 2029, kowanne mafi ƙasa cikin waɗanda suke riƙe da su a shekarar, suka karɓi gurbin Phoenix na 2031 marar kariya. Phoenix a lokacin ta dogara ne da Kevin Durant mai shekara 36, ta kuma ƙare kakar da nasara 36 kacal duk da albashinta ya fi na kowa. Caca ce irin ta Brooklyn, sai dai a lokacin saura shekara shida kafin a ga fuskarta.

Akwai wani dalili na aiki da ke sa a dunƙule gurabe. Ƙungiya ba ta wuce 'yan wasa 15 a babban jeri, da uku masu kai-komo tsakaninta da ƙaramar gasa. Minti 240 ne kawai ake rabawa a kowane wasa, wato 48 sau biyar. Matashi ba ya koyo a benci. Idan ka ɗauki uku-uku duk shekara, za ka wayi gari kana sallamar yaran da ba ka gama gane ko su waye ba.

Shekaru biyun da aka yi a tsakiya

Nan ne gardamar ta fi zafi. Bayan an sayar da taurarin an zaci Utah za ta nutse, a shekarar da Victor Wembanyama, matashin Bafaranshen da kowa ke hari, ke jiran duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Sai sabon koci Will Hardy ya ci wasa 10 cikin 13 na farko. Markkanen, wanda aka ɗauka cikon ciniki ne, ya shiga wasan taurari, ya kuma karɓi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba. A Fabrairun 2023 shugabanni suka sayar da Mike Conley, Malik Beasley da Jarred Vanderbilt, suka samu gurbin Los Angeles Lakers na 2027 mai kariyar huɗu na farko, ƙungiyar ta yi sanyi, ta ƙare da nasara 37. Gurbi na tara ta samu. San Antonio, mai nasara 22, ta ɗauki Wembanyama.

Kaka ta gaba aka maimaita. Ana tafiya kunnen doki tsakanin ci da faɗuwa har Fabrairun 2024, aka sayar da Kelly Olynyk, Agbaji da Simone Fontecchio, aka ƙare da 31, aka samu gurbi na 10.

Masu suka suna cewa an yi biyu babu. Ba a kai zagayen neman kofi ba, ba a kuma faɗi ƙasa sosai ba a shekarar da faɗuwa ta fi riba. A ganinsu, da an sallami Conley da Jordan Clarkson da sauran tsofaffi tun kafin a fara kakar 2022-23, da an shiga sahun masu kashi 14. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da lissafin ƙuri'ar: kashi 14 na nufin kashi 86 na rashin samu. Detroit ta fi kowa faɗuwa a wannan shekarar, ta tashi da na biyar. Suna ƙarawa da cewa wasannin da aka ci su suka ɗaga darajar Markkanen, kuma tsohon ɗan wasa ya fi tsada a Fabrairu, lokacin da masu neman kofi ke gaggawar cike giɓi, fiye da watan Satumba.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ke da wuyar karewa shi ne maimaita abu ɗaya sau biyu. Kakar farko ta zo da ba-zata. Ta biyu an riga an san ƙarfin tawagar, an kuma san akwai bashi a kai.

Bashin kuwa shi ne sirrin da yawan masu kallo ba su lura da shi ba. A 2021 Utah ta so ta rabu da albashin Derrick Favors, sai ta haɗa wa Oklahoma City Thunder da gurbin zagayen farko don ta karɓe shi. An kare goma na farko a 2024 da 2025, takwas na farko a 2026. Ma'ana, a duk waɗannan shekaru, idan Utah ta yi ƙoƙari ta tsaya a tsakiya, gurbinta ya tafi Oklahoma. Sayar da 'yan wasan Fabrairun 2024 ya sa ta riƙe na 10, daidai bakin kariyar. Dallas ta yi irin wannan a Afrilun 2023, ta ajiye manyanta a wasa da Chicago don ta tsare gurbi mai kariyar goma, hukumar gasar ta ci ta tarar dala 750,000. Da gurbin ta samo Dereck Lively, wanda ya taimaka mata ta kai wasan ƙarshe a 2024. A idon masu ƙungiya irin wannan tara ba ta kai darajar gurbin ba.

Batun Markkanen

A Agustan 2024 Utah ta sabunta kwantiragin Markkanen: shekara biyar, dala miliyan 238. An sa hannu ranar 7 ga wata, kuma irin wannan sabuntawa tana hana sayar da ɗan wasa tsawon wata shida, abin da ya tsallake ranar rufe kasuwa ta 6 ga Fabrairun 2025 da kwana ɗaya. Wato ƙungiya ta ɗaure kanta da gwani mai shekara 27 a kakar da ta yi niyyar faɗuwa. Ya riƙa rasa wasanni, har a Maris 2025 aka ci ta tarar dala 100,000 a ƙarƙashin dokar 2023 da ta hana ajiye tauraro mai lafiya.

Hujjar masu so a sayar da shi ta shekaru ce. Idan yaran da aka ɗauka daga 2023 zuwa 2025 sai sun kai 24 ko 25 za su nuna, to a lokacin Markkanen ya haura 30, yana cin kaso mai yawa na albashi. Darajarsa kuma ta fi yawa lokacin da yake kan tsohon kwantiragi mai araha, wanda kowace ƙungiya za ta iya ɗauka. Masu so a riƙe shi suna cewa mutum mai tsawon sama da mita biyu da ke jefa ƙwallo daga nesa, ba ya kuma buƙatar riƙe ta, yana dacewa da kowane tauraro da za a samu nan gaba. Suna tunatarwa cewa gasar ta wajabta wa kowace ƙungiya kashe aƙalla kashi 90 cikin 100 na iyakar albashi, don haka dole kuɗin su tafi wurin wani. Sannan ga gwani da ya yarda ya zauna a Salt Lake City, abin da ba a cika samu ba.

Misalan da kowa ke jawowa

Masu goyon bayan rushewa gaba ɗaya suna nuna Oklahoma City. A 2019 shugaban harkokin wasanta, Sam Presti, ya ba Clippers Paul George, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander, gurabe biyar da musanya biyu. Daga kakar 2020-21 ƙungiyar ta ci wasa 22, sannan 24, sannan 40, sannan 57, sannan 68 da kofi a 2025. Amma idan aka duba da kyau, faɗuwar kaka biyu ce kawai, kuma abin da ta haifar kai tsaye shi ne Josh Giddey da Chet Holmgren. Gwarzon ƙungiyar, Gilgeous-Alexander, a cikin ciniki ya zo, yana dab da cika shekara 21. Jalen Williams ya fito ne daga gurbin Clippers na 2022, wanda ya zama na 12 saboda Kawhi Leonard bai buga ko wasa ɗaya a kakar ba. Luguentz Dort ma ba wanda ya ɗauke shi a zaɓen 2019. Utah ta samu gurabe kamar Oklahoma, amma ba ta samu matashi irin Gilgeous-Alexander a cinikinta ba, kuma wannan ne babban bambancin.

Masu adawa suna nuna Philadelphia a zamanin manajanta Sam Hinkie: nasara 19, 18, sannan 10 a kaka uku a jere daga 2013. Ta samu Joel Embiid, wanda ya zama gwarzon gasar a 2023, amma Jahlil Okafor da Markelle Fultz ba su yi abin da aka sa rai ba, Ben Simmons ya tafi cikin rigima, kuma zuwa 2025 ƙungiyar ba ta wuce zagaye na biyu ba. A lokacin ma mafi rauni tana da kashi 25, kusan ninki biyu na abin da aka rage shi zuwa a 2019.

Indiana ta bi ta wata hanya. A Fabrairun 2022 ta ba Sacramento Domantas Sabonis ta karɓi Tyrese Haliburton, matashin da ya riga ya nuna kansa. A Janairun 2024 ta kashe gurabe uku ta ɗauko Pascal Siakam. Ta kai wasan ƙarshe a 2025 ba tare da ta taɓa zaɓa a biyar na farko ba a wannan ginin. Tarihin Utah kanta yana ƙarfafa wannan ra'ayi: John Stockton na 16 ne, Karl Malone na 13, Mitchell na 13, Gobert na 27. Nikola Jokić, da ya ɗaukar wa Denver kofi, na 41 ne. Sai dai wanda ya kafa hujja da waɗannan yana ƙirga waɗanda suka dace ne, ya bar ɗaruruwan da aka ɗauka a wuraren suka ɓace. Damar samun tauraro ta fi yawa a saman layi, ko da ba tabbas.

Sabuwar dokar albashi da tasirinta

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara wa lissafin wani nauyi. A kakar 2025-26 iyakar albashi ita ce dala miliyan 154.6, harajin da ake ɗora wa masu yawan albashi yana farawa daga 187.9, sai shinge biyu da ke taƙaita ciniki ga wadda ta haura su: na farko 195.9, na biyu 207.8. Wadda ta haura shinge na biyu ba ta iya haɗa albashin mutum biyu ta sayi ɗaya, ba ta iya sa kuɗi a ciniki, ana kuma daskarar da gurbinta na shekara bakwai a gaba. Idan ta daɗe a can sai a tura gurbin zuwa ƙarshen zagaye.

Wannan yana taimakon mai haƙuri ta fuska biyu. Manyan ƙungiyoyi suna saurin wargajewa: Minnesota ta sayar da Karl-Anthony Towns a 2024, Boston ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis shekara ɗaya bayan kofi. Kowace irin wannan girgiza tana iya ɗaga darajar guraben da Utah ke riƙe da su. Kuma matashi mai araha da ke iya buga minti 25 ya zama abin nema, abin da ya ƙara wa gurbi na 20 daraja. Ta ɗaya fuskar, babban kwantiragi kamar na Markkanen ya fi wuyar sayarwa, domin masu neman kofi, waɗanda su ne masu sayensa na asali, su ne dokar ta ɗaure.

Wa ke ɗaukar nauyin

Mai ƙungiya yana da kariya: kasonsa na yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da ta fara a 2025 ba ya raguwa don an sha kashi. Mai sayen tikitin kaka kuwa yana biyan wasa 41 na gida, yana kallon tawagar da a watan Maris ba lallai ta fito da gwanayenta ba. Birnin yana rasa wasannin zagayen neman kofi, tare da aikin wucin gadi da cinikin da ke zagaye da filin.

Tsofaffin 'yan wasa suna zama hajar Fabrairu, a kira mutum a waya ya tashi da iyalinsa a tsakiyar zangon karatun yara. Matasa suna samun mintoci, wanda alheri ne, amma a wasannin da ba a damu da sakamakonsu ba. A nan masu horarwa ke da babban ƙorafi: yaro yana iya tara maki 20 a ƙungiyar da ake ci da tazara mai yawa, a kasa gane ko ya iya ne ko dai ba mai jefawa sai shi, kuma sakacin tsaro da aka kawar wa kai shekara uku yana zama ɗabi'a. Koci kuma sunansa ke kan sakamakon. Utah ta tsawaita wa Hardy kwantiragi a 2025, alamar ba ta ɗora masa laifin ba.

Abin da zai raba gardama

Daga gurbi na biyar Utah ta ɗauki Ace Bailey, ta naɗa Austin Ainge, ɗan Danny Ainge, shugaban harkokin wasa, ta kuma sallami Sexton, Clarkson da John Collins a bazarar 2025. Tambaya ta farko a lokacin ita ce ko cikin Bailey, Keyonte George, Kessler, Taylor Hendricks da sauran yaran akwai wanda za a gina ƙungiya a kansa. Idan akwai, guraben da aka tara za su koma kuɗin sayen gwani na biyu, kamar yadda Indiana ta yi da Siakam. Idan babu, za a ci gaba da jiran ƙuri'a.

Ta biyu a lokacin ita ce bashin Oklahoma. Bisa yarjejeniyar, gurbin 2026 na Utah ne kawai idan ya faɗo cikin takwas na farko, kuma tun da ƙungiya tana iya zamewa har mataki huɗu a ƙuri'a, sai wadda ta ƙare cikin huɗu na ƙarshe ce ke da cikakken tabbaci. Idan ta tsallake 2026 bashin gurbin zagayen farkon ya faɗi, daga nan cin wasa ba zai ƙara jawo mata asarar gurbi ba. Guraben Minnesota da Cleveland na 2027 da 2029, da na Lakers na 2027, da na Phoenix na 2031, waɗanda ke hannunta a bazarar 2025, su kuma darajarsu tana hannun lafiya da shekarun 'yan wasan waɗancan ƙungiyoyi.